Akwatin da cikinsa ya fi wajensa girma: su wa suka kalli Doctor Who a nan?

Kawu Na Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Yau ba siyasa na kawo ba, ba kuma tsadar shinkafa ba, sai a yi mini haƙuri. Daren jiya autata tana kallon wani abu a waya, ni ina gefe ina fama da wata fitila da ta ƙi kamawa, sai wani kiɗa ya daki kunnena. Wallahi kafin in gane mene ne, tsigar jikina ta riga ta tashi. Kiɗan buɗe Doctor Who ne, shirin talabijin na BBC kan wani da ake kira Dakta, mai yawo tsakanin zamani da zamani a cikin wani akwati. An yi masa kwalliya, an ƙara masa ganguna, amma shi ne dai. Na ce ke, ina kika samo wannan? Ta ce ai wani sabon shiri ne Baba. Sabo! Abin da na kalla ina ɗan shekara tara.

A falon maƙwabcinmu muke kallo, talabijin mai baƙi da fari, irin mai ƙofar katako da ake ja a rufe da makulli. Mu kusan ashirin a kan siminti, kuma sharaɗin matar gidan ɗaya ne: wanda bai wanke ƙafa ba ba zai shiga ba. Daktan lokacinmu shi ne mai cukurkuɗaɗɗen gashi da manyan idanu, da wani mayafin wuya da yake ja har ƙasa. Ba ma jin Turancin ko kaɗan. Wani yayanmu ɗan sakandare ne mai fassara, sai da na girma na gane rabin abin da yake faɗa mana daga kansa yake ƙagowa. Kuma sai bayan shekaru da yawa na san akwatin nan shuɗi ne, mayafin kuma mai launi-launi. Mu a wurinmu komai ruwan toka ne.

Tambayata: akwai wanda ya kalla a nan? Kuma me ya riƙe shirin nan har ya haura shekara 60?

Hajiya Babba:
Wa'alaikumus salam. Kawu ka tono abin da na binne. Ni ba Daktan nake tunawa ba, su Dalek nake tunawa, mugayen abokan gabansa. Abu kamar an kife turmi an yi masa ƙuraje, hannu ɗaya robar zuƙe magudanar ruwa, ɗayan kamar maburgi. Yanzu in na faɗa dariya nake yi. Amma a lokacin da zarar sun fara wannan ihun nasu da muryar gwangwani, ni sai bayan ƙofa. Ta jikin tsagar ƙyauren nake ƙarasa kallon. Ƙanena har yau in yana son ya tsokane ni sai ya ɗauki maburgi ya nufo ni, mutum mai 'ya'ya biyar.

Auta:
Iyayenmu ku gafarce ni. Na taɓa gwada kallon na da ɗin nan, ban kai minti goma ba. Bangon jirgin sama-jannati yana rawa in an rufe ƙofa. Akwai wani dodo da na gani, wallahi ledar nan ce mai ƙurajen iska da ake naɗe kayan lantarki, aka shafa mata koren fenti aka ɗaura wa mutum a hannu. Wannan ne abin tsoron? Ba shirin kuke so ba, yarintarku kuke kewa.

Kawu Na Tudun Wada:
Auta, Allah ya shirye ka. Ledar da kake magana gaskiya ce, a wani labari na 1975 ne, kuma a lokacin ba kowa ya san irin ledar ba. Amma ka koma ka kalli fuskar mutumin da aka ɗaura wa ita, yana kallon hannunsa yana zama wani abu da ba nasa ba, yana ƙoƙarin ɓoye wa abokan aikinsa. Wannan ne ya hana mu barci, ba ledar ba. Kai da aka haifa aka tarar kwamfuta tana zana komai, idonka ya saba a ba shi a baki.

Malam Mai Alli:
Bari in shigo tsakani kafin a yi dambe. Tambayar Kawu ta biyu ce ta fi jan hankalina.

An fara shirin a BBC ranar 23 ga Nuwamba 1963, washegarin ranar da aka harbe Shugaba Kennedy na Amurka. Hankalin duniya yana can, shi ya sa mako na gaba sai da aka sake sa kashi na farko kafin na biyu. Kuma asali ba don dodanni aka yi shi ba. Sydney Newman, mutumin Kanada da yake shugabantar sashen wasan kwaikwayo, so ya yi a koya wa yara tarihi da kimiyya. Shi ya sa abokan tafiyar Dakta na farko, ban da jikarsa, malaman makaranta ne biyu, mace mai koyar da tarihi da namiji mai koyar da kimiyya. Wannan sati a je zamanin da, wani sati a je gaba. A matsayina na malami wannan yana faranta mini rai, ko da yake ba a je ko'ina ba su Dalek suka shigo a Disambar shekarar, yara suka haukace a kansu, darasin tarihi ya fara ja da baya.

Waɗanda aka danƙa wa aikin ma ba manyan gidan ba ne. Verity Lambert, mai shirya shi, tana da shekara 27, kuma ita kaɗai ce mace a irin wannan kujerar a sashen. Wanda ya ba da umarnin labarin farko, Waris Hussein, haifaffen Indiya ne mai shekara 24.

Amma sirrin daɗewar a 1966 yake. William Hartnell, Dakta na farko, lafiya ta yi masa ƙaranci, har haddar magana tana ba shi wuya. Da wani shirin ne, da nan ya ƙare. Su kuwa sai suka ce ai mutumin nan ba ɗan duniyarmu ba ne, don me jikinsa ba zai sabunta ba? Ya faɗi a ƙasa, haske ya rufe fuskarsa, sai ga Patrick Troughton, gajere mai barkwanci, ba su yi kama ko a murya ba. Larura ce ta haifi dabarar, ita kuma dabarar ta zama gadon shirin. Duk ɗan wasan da ya gaji ya tafi, shirin yana nan.

Maman Hanif:
Malam ya gama magana. Ni ban san na da ba sai daga baya. Na zo Ingila karatu a 2007, ɗakin da nake haya yaran matar gidan ba sa barin kowa ya taɓa rimot ranar Asabar da yamma. Haka na zauna dole, David Tennant ne Dakta a lokacin. Kashin da ya kama ni shi ne na gumakan nan na dutse masu rufe fuska, waɗanda ba sa motsi muddin kana kallonsu, kana ƙifta ido sun matso. Washegari na bi ta gaban wata tsohuwar maƙabarta a hanyar zuwa bas, wallahi da gudu-gudu na wuce, ga ni babba da ni.

Nan garin akwai tambayar da suke yi wa juna: wane ne Daktanka? Kuma kusan kullum amsar ita ce wanda mutum ya fara gani yana yaro. Kawu nasa Tom Baker ne, wanda ya yi daga 1974 zuwa 1981, ba wanda ya kai shi daɗewa. Nawa Tennant. Hanif ɗina nasa Jodie Whittaker ce, shi a wurinsa ba wani abin mamaki ba ne Dakta ta zama mace, haka ya tarar.

Kawu Na Tudun Wada:
Maman Hanif, ba raina naki nake yi ba, amma na gwada na zamaninku. Gudu ya yi yawa. Kowa yana gudu, kiɗa yana tashi, a minti 45 an fara an gama. Namu kashi ɗaya minti 25 ne, labari guda yakan ɗauki kashi huɗu ko shida, kuma kowane kashi sai an tsaya daidai inda bindiga take kan Dakta. Sati guda cur muna gardama a hanyar makaranta kan yadda zai kuɓuta. In kuma aka ɗauke wuta a ranar, shi ke nan, ba maimaici, ba inda za ka nemo. Akwai wani labari da har na yi aure ban san ƙarshensa ba.

Maman Hanif:
Kawu ai wannan ba daɗin shirin ba ne, wahalar rashin wuta ce ka mayar alewa.

Ɗan Jos:
Ina ta karanta ku ina dariya. Duk cikinku ba wanda ya ambaci babban abin, kuma a garinmu ya faru.

A Oktoban 2013 BBC ta sanar cewa an gano kashi tara na Doctor Who da aka ɗauka sun ɓace har abada. A ina? A wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos. Wani Bature mai suna Philip Morris, wanda sana'arsa ke nan bin tsofaffin tashoshi yana neman finafinan da suka ɓata, shi ya tarar da gwangwanayen fim ɗin a kan kanta, da 'yar takardar manne an rubuta sunan shirin. Labarai biyu ne na zamanin Troughton, The Enemy of the World da The Web of Fear, waɗanda aka nuna a Ingila tsakanin ƙarshen 1967 da farkon 1968. Mutanen can sun yi shekara 45 ba su sake ganinsu ba, alhali suna nan a kwance a garin da nake zuwa makaranta.

Auta:
Tsaya Yaya. Jos ta Filato? Me ya kai su can? Kuma ta yaya BBC guda za ta ɓatar da nata shirin?

Malam Mai Alli:
Ba ɓata ya yi ba Auta, da hannunsu suka goge. A shekarun 1960 faifan bidiyo abu ne mai tsada ƙwarai, don haka in an nuna shiri sai a goge a ɗauki wani a kai. Ƙungiyar 'yan wasa kuma ta taƙaita yawan maimaita shiri, don kada a daina ba mambobinta sabon aiki. Ba bidiyon gida, ba wanda ya yi tunanin wani zai nemi tsohon shiri. Da talabijin mai kala ta shigo, na baƙi da fari suka zama kamar tsohon kuɗi. Sai a 1978 aka tsayar da wannan ɓarnar.

Abin da ya ceci wasu shi ne kasuwanci. Kafin a goge, akan kwafe shirin a fim mai faɗin milimita 16 don sayar wa ƙasashen waje. Kuma ba kowace ƙasa ake buga wa nata ba. Wannan tasha ta gama nunawa ta tura wa ta gaba, ita ma ta tura gaba. Wadda ta zama ta ƙarshe ana sa ran ta mayar ko ta lalata. To wasu ba su mayar ba, ba su kuma lalata ba. Haka aka samo wani labari sukutum a Hong Kong a farkon shekarun 1990, kuma tun a tsakiyar shekarun 1980 an taɓa samo wasu a Najeriya. Cikin kashi 253 na shekaru shidan farko, kafin samun Jos 106 ne babu. Bayansa suka koma 97.

Abin da ya fi ƙona wa masoya rai, kashin da Hartnell ya rikiɗe ya zama Troughton yana cikin waɗanda suka salwanta. 'Yan daƙiƙoƙin rikiɗewar sun tsira ne kawai saboda wani shirin yara na BBC ya taɓa aron su ya nuna.

Injiniya:
Malam ka bar wani abu da ni a wurina shi ne amsar tambayar Kawu. Hoton ya ɓata, amma sautin duk kashin da ya ɓata yana nan, ba ko ɗaya da babu. Kuma ba BBC ce ta ajiye ba. Yara da samari ne a gidajensu suke kafa makirufo a gaban talabijin da rikoda mai faifan zare, su ce kowa ya yi shiru a falo, don su sake saurara daga baya. Wasu har suka buɗe bayan talabijin ɗin suka jona waya kai tsaye don sautin ya fita tas. Da waɗannan faifan ne yanzu ake zana hoton katun a ɗora a kan muryoyin asali. Hukuma ta zubar, yara suka tsince.

Tunda Kawu da kiɗa ya fara, bari in ce wani abu a kai, don aikina ne. Ron Grainer ne ya rubuta shi a takarda, amma wadda ta haɗa shi Delia Derbyshire ce, a ɗakin gwajin sauti na BBC. Ba makaɗa, ba irin na'urar kiɗan da muke da ita yau. Sautin tsirkiya ɗaya ta ɗauka, da ƙarar na'urorin gwajin lantarki, tana sauya saurin faifai don ta samu kowane amo, ta yanka da reza ta manna, guntu bayan guntu. Ni da nake haɗa sauti a kwamfuta, in na tuna wannan sai in ji kunyar ƙorafi. Kuma ba a sa sunanta a allon shirin ba sai a 2013, shekara 12 bayan rasuwarta. Ƙarar tashin akwatin Dakta kuwa, wannan gurnanin kamar jaki mai mura, makullin ƙofa ne aka goga a jikin wayoyin wani tsohon fiyano.

Hajiya Babba:
Jaki mai mura! Injiniya Allah ya bar ka.

Ɗan Jos:
Ni dai abin alfahari ne a wurina. Turawa da duk tsarinsu sun zubar, mu muka riƙe musu amana.

Kawu Na Tudun Wada:
Ɗana, ina son in taya ka murna, amma bari mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ba amana muka riƙe ba, mantawa muka yi. An ce a mayar ko a ƙona, ba wanda ya tashi ya yi ko ɗaya, ƙura ta rufe su. Sakacinmu ne ya yi rana, kamar agogon da ya tsaya ya dace da lokaci.

Kuma ga abin da yake ci mini rai. Shekarun baya na je wata tashar talabijin, ba zan faɗi sunanta ba, ina neman wani wasan kwaikwayo na Hausa da muke kallo a wancan falon dai, wanda mahaifina yake dariya har hawaye in ana yi. Wani dattijo ya kai ni wani ɗaki. Rufin yana yoyo. Faifai a jibge a ƙasa, wasu sun manne da juna, wasu gara ta ci kwalinsu, ba ka iya karanta abin da aka rubuta. Ya ce na'urar da za ta karanta su ta mutu tun kafin a ɗauke shi aiki. Na tsaya ina kallo. Na Turawa an samu mai hawa jirgi ya zo nema. Namu wa zai zo?

Maman Hanif:
Kawu wannan ta taɓa ni. Kuma bambancin ba kuɗi ba ne kaɗai. Su masoyan ne suka hana a manta. Sun san lambar kowane kashi da ya ɓata, sun san wace ƙasa aka sayar wa, suna rubuta wa tashoshi wasiƙu tun shekarun 1980. Mu in an tambaye mu sai mu ce kai, wancan shirin ya yi daɗi, shi ke nan.

Ɗan Jos:
To na karɓi rabin maganar Kawu. Amma sanyin garinmu fa ya taimaka, wannan ba za ku ƙwace mana ba.

Mai Tambaya:
Ku yi haƙuri in katse ku. Ni ban taɓa kallo ba, amma yadda kuke bayani, mutum ya mutu ya dawo da wata fuska, yana yawo tsakanin jiya da gobe. Wannan ba zai rikita wa yara aƙida ba?

Malam Mai Alli:
Tambaya ce mai kyau, kuma kowane uba shi ya san gidansa. Ni yadda na yi wa nawa bayani: a labarin shi ba ɗan Adam ba ne, zuciya biyu gare shi, daga wata duniyar ƙage mai suna Gallifrey. Tatsuniya ce. Mun taso ana ba mu labarin dodo ya haɗiye gari guda da shanunsa an fasa cikinsa kowa ya fito, ba wanda ya tashi da wannan a matsayin imani. Ka zauna ka kalla da su, in an gama ka ce ƙurunƙus. Abin da na fi so yarana su ɗauka a wurinsa shi ne jarumi ne da ba ya yawo da bindiga. Da baki da dabara yake fita daga masifa.

Mai Tambaya:
Na gode Malam. Zan fara dubawa ni kaɗai tukuna.

Maman Hanif:
Tunda ana faɗin gaskiya yau, Kawu bari in taɓa naka zamanin. Akwai wani labari na 1977, cikin waɗanda masoya suka fi yabo, wanda Bature ne aka yi wa kwalliyar ido ya fito a matsayin ɗan Sin. Baƙar fata kuwa in ya fito a na shekarun 1960, sau da yawa ƙato ne mai ɗaukar kaya da ba ya magana. Ina son shirin, amma ba zan ce komai na da zuma ba ne. Sai 2007 aka samu baƙar mace a matsayin babbar abokiyar tafiyar Dakta, Freema Agyeman. Sai 2023 Ncuti Gatwa ya karɓi shirin a matsayin Dakta, haifaffen Ruwanda da iyayensa suka gudo da shi a 1994 yana ƙarami, ya tashi a Sikotilan. Ranar da Hanif ya gan shi ya juyo ya ce Mama, kalarmu ɗaya. Ban ce komai ba, na tashi na shiga kicin.

Kawu Na Tudun Wada:
Ban musa ba 'yata. Mu a lokacin ba mu lura ba, don duk abin da yake fitowa a talabijin daga waje fari ne, mun ɗauka haka duniya take.

Ɗan Jos:
Maman Hanif kin buɗe mini ƙofa. A 2025 an yi kashi guda da labarinsa yake faruwa a Legas, a shagon aski. An tsare mutane a ciki, kowa ya hau kujera dole ya ba da labari, labaran ne man da yake tuƙa injin. Kun san wanda ya rubuta? Inua Ellams. Kun san inda aka haife shi? Jos, 1984. Kawu wannan ma sakaci ne?

Kawu Na Tudun Wada:
Wannan kam na sallama. Ku mutanen Jos ba a gama gardama da ku.

Ɗan Zangon Kumasi:
Gaisuwa daga nan. Kashin shagon askin nan na kalle shi sau biyu, saboda shagon a bayan wani ƙaton gizo-gizo yake tafiya, kuma an ambaci Anansi, wanda shi ne Gizon mutanen nan Asante, mai wayo da tatsuniya kamar namu. Freema da aka ambata ma mahaifinta ɗan Gana ne. Abin da ban so ba kawai, kasuwar da aka nuna ta yi tsaf da yawa. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa a Legas ya san ba a samun wannan sararin.

Malam Mai Alli:
Akwai gibin da ba mu taɓa ba, kuma shi ya fi nuna irin son da ake wa shirin nan. A 1989 BBC ta dakatar da shi, bayan an yi ta sa shi lokaci ɗaya da wani wasan kwaikwayo mai farin jini na tashar hamayya, masu kallo suka ragu. Ban da fim guda na talabijin a 1996, shekara 16 babu shi. Amma mujallarsa da aka fara a 1979 ba ta daina fitowa ba. Masoya suka riƙa rubuta littattafan ci gaban labarin ana bugawa. Daga 1999 wani ƙaramin kamfani ya riƙa kiran tsofaffin 'yan wasan suna yin sabbin labarai na sauti kawai. To yaran nan masu ɓuya a bayan kujera su ne suka girma suka shiga harkar talabijin. Russell T Davies da ya dawo da shirin a 2005 yana cikin waɗanda suka rubuta irin waɗancan littattafan. Tennant tun yana yaro yake cewa saboda shirin nan zai zama ɗan wasa. Peter Capaldi yana ɗan shekara 15 yake aika wasiƙa ana bugawa a mujalla kan shirin, bayan shekara kusan 40 ya zama Dakta.

Hajiya Babba:
Malam ka manta na gulma. Tennant ɗin nan 'yar Peter Davison ya aura, Dakta na biyar. Ita kuma a shirin ta taɓa fitowa a matsayin 'yar Dakta. Auren zumunci har a Gallifrey.

Auta:
Jama'a na dawo. Jiya da dare na nemi The Web of Fear ɗin nan, don kawai in samu abin tsokanar Kawu. Na ce zan kalli kashi ɗaya. Sai da na kai na ƙarshe.

Dodannin dai har yanzu kamar an lulluɓa wa mutum bargo ne, ban janye ba. Amma ramin jirgin ƙasan Landan ɗin nan, duhu, sojoji 'yan kaɗan a maƙale, wata muguwar yana tana matsowa tasha bayan tasha a kan taswira, kuma an san akwai maci amana a cikinsu ba a san wane ne ba. Baƙi da farin ma taimaka masa ya yi, don ba ka ganin inda aka yi ha'inci. Troughton kuma ba irin jarumin da na zata ba ne, tsoro yake ji a fuskarsa, shi ya sa kai ma kake ji.

Sai dai da na zo kashi na uku sai na ga hotuna marasa motsi da murya kawai. Na ɗauka datata ce ta ƙare.

Ɗan Jos:
Ba datarka ba ce ƙanena. Na ukun ne ba a samu ba. Morris ya ce da ya fara shiga ɗakin yana nan tare da sauran, kafin a kammala maganar ɗauko su ya yi ƙafa. Kuma shi ne mafi tsada a cikinsu, don a nan ne Dakta ya fara haɗuwa da Kanar Lethbridge-Stewart, sojan da daga baya ya zama Birgediya, aka yi shekaru ana damawa da shi a shirin. Muryar da ka ji, irin faifan yaran nan ne da Injiniya ya faɗa.

Injiniya:
Daga baya an yi masa na katun. Amma ni na fi son mai hotunan, ka rufe ido kawai ka saurara.

Kawu Na Tudun Wada:
Auta, ka kalli kashi shida a dare ɗaya, abin da mu sai mun yi sati shida. Ba komai, na yafe maka maganar leda.

Ni kuma ga abin da ya faru a gidana. Na sa autata ta nemo mini wancan labarin da aka ɗauke wuta ban ga ƙarshensa ba. Ban san sunansa ba, sai kwatance na yi ta yi mata: akwai hamada, akwai wata ƙatuwar mota mai haƙar ma'adinai, akwai mutum-mutumi masu kyakkyawar fuska da idonsu yake komawa ja in za su shaƙe mutum. Cikin minti biyu ta samo. Muka zauna muka kalla tare, tana fassara mini inda Turancin ya yi sauri, kuma ita ba ta ƙara gishiri irin na yayan nan namu. Ashe wanda na yi shekara 40 ina zargi ba shi ne mugun ba.

Hajiya Babba:
Kar ka faɗi ko wane ne! Auta turo mini yadda ka samo naka, amma wanda babu su Dalek a ciki.

Auta:
Hajiya na turo miki ta akwatin saƙo. Akwai Dalek a ɗaya daga ciki, ban faɗa miki wanne ba.